Taku biyu a gefen ƙofar mota

Ranar da na fara fita sayayya ni kaɗai da yara biyu a Bradford, wani birni a ƙasar Birtaniya, wata Talata ce, cikin Disambar 2023. Sati takwas ke nan da aka yi mini aiki aka ciro 'yata, ɗinkin bai gama sakina ba, in na sunkuya sai in ji kamar ana jan zare a ƙasan cibiyata. Maigidan ya kwana a wurin aiki a asibiti, ya dawo ya kwanta, gida kuma babu madara, famfas saura biyu. Ƙarfe huɗu bai cika ba amma gari ya yi duhu kamar an idar da magariba, ga yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi.

A gaban babban kantin da muke zuwa akwai layi guda na wuraren fakin da aka ware wa masu yara. An zana hoton babba riƙe da hannun yaro a ƙasa, an kuma bar fili mai ratsi-ratsi a gefen kowace mota. Sau uku na zaga, duk a cike. A ɗaya, wani mutum ne zaune cikin motar aikinsa yana cin abinci, injin a kunne. A wani kuma wata budurwa ta fito da leda ɗaya a hannu ta ja motarta, kafin in kewayo wasu sun riga ni, manya biyu suka fito, ba yaro ba alamarsa. Na haƙura na je na tsaya cikin sauran motoci.

Wajen shiga ban sha wuya ba, don gefena ba kowa. Da na fito ne na tarar wata ƙatuwar jif ta zo ta manne mini ta dama, wata motar kaya ta hagu. Na buɗe ƙofar baya, ba ta wuce ɗani biyu ba ta tsaya. Kujerar jaririyar, wadda ake cirowa da ita a ciki a ɗora kan keken sayayya, ta ƙi shiga ta kowane ɓangare. Na karkata ta, na ɗaga ta sama, ɗinkina ya amsa, na sauke. Ɗana mai shekara uku yana jan mayafina yana cewa sanyi yake ji, motoci suna wucewa ta bayanmu da fitilu a kunne. Hanya ɗaya ta rage: in ajiye su biyun a kan titi, in shiga in ja motar baya. Wace uwa ce za ta yi ribas da mota alhali 'ya'yanta suna tsaye a bayanta cikin duhu?

Ban san hawaye sun zubo ba sai da wata tsohuwa Baturiya ta tsaya kusa da ni. Ta dubi jif ɗin, ta dube ni, ta ce in je in fito da motar, za ta tsaya da yaran. Na yi shiru. Ta gane abin da ke raina, sai ta zaro makullin motarta ta sa mini a tafin hannu, ta ce in riƙe har in dawo. Haka na shiga, idona ɗaya a madubi ɗaya a kanta, hannuna na rawa a kan sitiyari. Ban san sunanta ba, ban ƙara ganinta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

A watan Satumbar 2022 muka iso ƙasar nan, ni da yaron, muka tarar da mahaifinsa wanda ya riga mu zuwa aikin jinya. Abubuwa da yawa sun zo mini da sauƙi fiye da yadda na zata. Bradford cike take da Musulmi, naman halal ba ya wuya, masallatai ga su nan unguwa-unguwa. Tuƙi ne ya ba ni aiki: a nan ta hagu ake bi, lasisin Najeriya kuma wata goma sha biyu kawai yake yi maka amfani, daga nan sai ka sake zama ɗalibi, ka rubuta jarrabawa ka yi gwajin tuƙi. A karo na biyu na ci, da cikin wata shida.

A farkon zuwana, da na ga waɗannan wuraren na masu yara, shagwaɓa na ɗauke su. Na ce wa maigidan Turawa akwai son jiki, har wurin ajiye mota sai an yi wa mai goyo gata. Mu da muke cika Adaidaita Sahu mu huɗu a baya, kowace da yaro a cinya? Baƙo ko da ido makaho ne. Ban san cewa a nan doka ta hana ka rungumi yaro a cinya cikin motarka ba. Dole sai a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Jariri kuwa kujerarsa baya take kallo. Kafin ki zaunar da shi, ki zura hannuwansa cikin bel, ki danna maɓalli, ki ja igiya ta matse, sai rabin jikinki ya shiga motar, ƙofa kuma a wangale. Wurin fakin da aka saba shatawa a ƙasar nan faɗinsa mita 2.4 ne, tsawonsa 4.8, awon da aka tsayar tun zamanin da motoci ƙanana ne. Motocin yanzu sun yi ƙiba, wurin bai ƙaru ba. In mota biyu manya suka sa ki a tsakiya, ke kanki sai kin saɓa gefe kafin ki fita, balle da kujerar jariri a hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a daren nan bayan na dawo gida shi ne, a Kano wannan matsalar ba za ta taɓa kaiwa ga kuka ba. Da farko ma mai jego ta sati takwas ba ta da abin yi a kasuwa. Tana ɗakin mahaifiyarta, an gama mata wanka, ana dama mata kunun kanwa, akwai ƙane ko ɗan maƙwabta da za a aika. In ma ta fita, a Kasuwar Rimi ko 'Yankaba, kafin ta buɗe baki wata ta ce "kawo ta in riƙe miki", mai shago ya turo benci, yaro mai baro ya kwashi kaya har bakin titi. Ɗa na kowa ne, kuma ba a baki kaɗai muke faɗa ba. A nan mahaifiyata ba ta samu zuwa ba, ta waya ta yi mini jego. Mutanen ƙasar ba mugaye ba ne, amma an tarbiyyantar da su kada su taɓa ɗan wani, ke ma an tsoratar da ke kada ki miƙa naki. Duk hannuwan nan da na saba da su, abin da ya tsaya a madadinsu shi ne wannan ɗan filin mai ratsi, taku biyu a gefen ƙofa. Wanda ya tare shi don zai sayi sigari ya fito, wannan taimakon guda ɗaya ya ɗauke mini.

Sati na gaba na je teburin karɓar koke na kantin. Yarinyar da ke wurin ta ba ni haƙuri da gaske, ta ce filin motocin wani kamfani ne daban ke kula da shi. Maƙwabciyata, 'yar asalin Pakistan da aka haifa a nan, ita ta warware mini sauran. Filin kanti ƙasar masu shi ce, don haka ba ruwan 'yan sanda ko ƙaramar hukuma da wanda ya tsaya a wurin masu yara ba tare da yaro ba. Bai karya dokar ƙasa ba, sharaɗin da aka rubuta a allo ya saɓa, kuma galibin manyan kantuna yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa suke nufi. Kamfanin zai iya aiko masa da takardar biyan kuɗi, wadda kan kai fam 100, a rage in ya biya cikin kwana 14. Takardar tana da ƙarfi, domin a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da cajin fam 85 a kan wani direba da ya zarce awa biyun da aka ba shi kyauta da kusan awa guda a wani filin kantuna a Chelmsford. Sai dai kyamarorin da ke bakin ƙofa lambar mota suke karantawa, su rubuta lokacin shiga da na fita. Ba sa leƙa kujerar baya. Wurin masu naƙasa aƙalla akwai katin da suke kira Blue Badge da ake ajiyewa a gaban gilashi, namu kuwa ba kati ba shaida. In ba ma'aikaci a tsaye, kuma ni a kantinmu ban taɓa ganin ko ɗaya ba, kunya ce kaɗai ke gadin wurin.

Na so a ce mutanen da ban sani ba ne kawai ke yin haka. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zagaye ina neman wuri, sai ga wani dattijo ɗan ƙasarmu, wanda ya karɓi maigidana lokacin da ya zo bai san kowa ba, yana rufe motarsa a layin masu yara, shi kaɗai. Mutumin da ya yi wa 'yata huɗuba. Na sauke gilashi na gaishe shi.

"Baba, barka da Juma'a. An sauko lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Ya jikokin nawa? Wuri kike nema ko? Minti biyar kawai zan yi, ai ga kujerar jikana ma a baya."

Kujerar kuwa tana nan, ba kowa a cikinta. Bakina ya yi nauyi, don ba a yi mini tarbiyyar gyara wa babba zance ba. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, in ba ku wani labari." Daga cikin motar na ba shi labarin daren Disamba, da jif, da tsohuwa, da makullinta. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce wallahi shi a zatonsa kusanci da ƙofa ne kawai amfanin wurin, bai taɓa lura da faɗin ba, domin lokacin da nasa 'ya'yan suke ƙanana mahaifiyarsu ce ke fama da su. Shi da kansa ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwar ya tashi. Ya ce, "In an rage salla saboda uwa, ni wane ne da zan ƙi ƙara taku hamsin?" Ya koma motarsa ya ja baya, ya tsaya yana yi mini hannu har na shiga.

Ni ma na taɓa yin kuskure ta ɗaya ɓangaren. Wata mata ta tsaya kusa da ni a layin, ta fito da saurayin yaro wanda ya kusa tsawonta. Na harare ta harara mai kyau, ta kuma gani. Ƙafarsa na taɓa ƙasa sai ya fizge zai ruga cikin motoci yana toshe kunnuwansa, ta cafke shi da hannu biyu tana lallashinsa da wata murya da na san ta saba da ita shekara da shekaru. Kunya ta rufe ni. Tun daga ranar na daina yanke hukunci da ganin farko. Akwai wanda ya zo ɗaukar matarsa da jariri daga cikin kanti, akwai mai tsohon ciki da ba za ta iya matsawa tsakanin mota biyu ba, akwai tsoho mai katin naƙasa da ya tarar layinsu ya cika. Duk waɗannan ba na jin haushinsu ko kaɗan. Wanda nake jin ciwonsa shi ne lafiyayyen da ya sani sarai, ya ga mace tana zagaye da yara a baya, ya kau da kai ya danna makulli ya wuce. Akwai kuma masu sabbin motoci masu tsada da ke tsayawa a wurin don kada ƙofar wani ta goge musu fenti.

Da masu kantunan nan za su saurare ni, da na ce su ɗauke layin daga bakin ƙofa su kai shi can gefe, su yi masa hanyar ƙafa mai shinge har zuwa mashiga. Mai gaggawa kusanci yake nema, in wurin ya yi nisa ba zai waiwaye shi ba. Ni faɗi nake nema, da hanyar da ɗana zai bi ba tare da mota ta yi ribas a kansa ba. Tafiyar minti biyu ba ta dame ni ba. Na rubuta musu haka a takardar jin ra'ayi har sau biyu.

Da na ba mahaifiyata labarin daren nan ta waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "'Yar nan, to ina zaninki?" Bayan wata biyu wani da ya dawo daga gida ya kawo mini saƙonta, zannuwa biyu da majanyi sabo. Yanzu in na zo na tarar layin a cike, ba na zagaye sau uku. Can ƙarshen fili nake wucewa, inda ba mai son tsayawa, in zaɓi wurin da ke jikin dakali don gefe ɗaya ya zauna a buɗe. In wangale ƙofa, in kwance yarinyar daga kujerarta, in sunkuya in goye ta, in ɗaure majanyi, in ɗora rigar sanyi a kanmu mu biyu. Yayanta ya riƙe gefen zanina da hannun dama kamar yadda na koya masa, mu bi ta jikin shinge har ƙofa.