Wasiƙa daga Leeds: rabin aikina ba da ruwa ne

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya a nan Leeds ta Ingila, sai sanyi. Kun ishe ni da tambayar wane aiki nake yi a gidan kula da tsofaffi, da kuma maganar biza. Zan taɓo duka.

Rabin aikina ba da ruwa ne, kada ku yi dariya. Duk tsohon da ba ya sha sosai yana da takardarsa: ƙarfe nawa aka ba shi, mililita nawa aka zuba, nawa ya sha. Kofi na cin 200, ya kurɓi rabi, ka rubuta 100. Ana so mace ta samu lita 1.6 a yini, namiji lita 2. Abin da ba ka rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba, ko rantsuwa za ka yi. Ranar da na tsallake layi biyu, shugabarmu ta tsare ni a ofis, wai masu binciken CQC, hukumar da ke sa ido kan gidaje irin namu, takarda za su duba, ba fuskata ba. Na fito ina ƙunƙuni. Ruwa ma sai da biro?

Bakina ya mutu ne ranar da wata tsohuwa ta wayi gari ba ta gane 'yarta ba. Aka ɗauko takardarta, ashe kwana uku ba ta shan abin kirki, ga ciwon mafitsara. Tsufa na dushe ƙishirwa, ita kuma da gangan take ƙin sha tun la'asar don tsoron fitsarin dare. Yanzu ba na tambayarta ko tana so. Shayi da madara nake haɗa mata a kofinta mai furanni, in zauna da nawa, muna hira har ta shanye.

Nan na tuna kakarmu a Sakkwato, da “na ƙoshi” ɗinta a tsakiyar bazara. Zafin da ya gigita Ingila a Yulin 2022, digiri 40, ai abin kullum ne a can cikin Afrilu. Ku riƙa miƙa mata kunu ko kankana ba tare da shawara ba, a kuma bar mata fitila a hanyar banɗaki.

Biza kuwa, tun Yulin 2025 aka daina ɗauko masu irin aikinmu daga waje. Wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku bizar wannan aiki, ku riƙe abinku.