Neman lodin dawowa

Kwana huɗu ke nan ina kwance a ƙarƙashin tirela a Legas, na sauke albasa a kasuwar Mile 12 tun ranar Talata amma lodin komawa Kano ya gagara, ni kuma ba zan ja mota fanko ba da tsadar gas ɗin nan. Masu mota ɗaya irina kun gane karatun.

Jiya da la'asar wani ɗan kamasho ya kira ni wai akwai tayal tan 30 zuwa Kano, na ce nawa, ya faɗi kuɗi. Da na je wurin lodi ashe shi ma ta hannun wani ya samu, wancan ma ta hannun wani, mutum uku kowa ya yanki nasa kafin ya iso kaina. Mai kayan da ya ji abin da za a ba ni sai da ya riƙe baki.

Kamfanonin jigila kuwa lodinsu tsaf, ga webil, wato takardar bayanin kaya, ga komai a rubuce, sai dai su ba ka kuɗin mai a gaba, cikon kuma sai ka kai takardar shaidar sauke kaya, wani lokacin ka yi sati uku kana bibiya, alhali taya ba ta jira.

Ni dai na fi son irin Alhajina na Dawanau, ya kira da kansa, "Malam akwai masara, ka shigo gobe," mu yi ciniki baki da baki. To shi ma sai kaka.

Na karɓi tayal ɗin dai. Yaron mota na ɗaure tamfol yanzu, da asuba za mu kama hanyar Ibadan in sha Allah.