Gidanka ne, amma taga ɗaya ba ka isa ka sauya ba: yadda Ingila ke tsare tsofaffin gidajen karkara

A Birnin Kebbi ko Argungu, wanda ya gaji soron kakansa in ya ga dama gobe da safe sai ya kira birkila a rushe zaure a jera shaguna, ba mai ce masa uffan. A Ingila akwai gidajen da mai su ya biya da kuɗinsa, takarda na hannunsa, amma ko ƙofar ɗaki zai cire sai ya nemi izini.

Mu ɗauki irin ƙaramin gidan karkara da aka riƙa ginawa tsakanin 1714 da 1830, zamanin sarakuna huɗu masu suna Joji. Yawanci na limamin coci ne ko wani manomi mai hali. Bene ne hawa ɗaya na jan bulo, ƙofa a tsakiya cif, tagogi biyu dama biyu hagu, biyar a sama, kowace ta yi daidai da ta ƙasanta. Jerin bulon ma da ƙa'ida: ɗaya a kwance ta tsawonsa, na kusa da shi an juyo kansa waje, haka har ƙarshen layi, don bango ya kama juna ciki da bai. Rufin kuwa na falalen dutse ne ko gasasshen yumɓu, da bututun hayaƙi a gefe da gefe. Wani lokaci za ka ga gurbin taga an toshe shi da bulo. Harajin taga, wanda aka riƙa karɓa bisa yawan tagogin gida daga 1696 zuwa 1851, shi ya jawo toshe wasu, wasu kuma magini ne ya zana su tun farko don kada fuskar gida ta karkace.

Abin da ke ɗaure hannun mai gida shi ne rajistar gine-ginen tarihi da doka ta kare, wadda ta kankama bayan yaƙin duniya na biyu, da dokar tsara gari ta 1947, yanzu kuma dokar 1990 ke aiki. Hukumar Historic England ke bincike ta ba da shawara, ministan al'adu ya yanke. Daraja uku ce: ta ɗaya, ta biyu mai tauraro, sai ta biyu zalla, wadda ta kwashe sama da kashi 90 cikin 100, kuma nan yawancin ƙananan gidajen suke. Ginin da ya riga 1700 kuma bai sauya kama sosai ba kusan tabbas ya shiga, haka ma akasarin na 1700 zuwa 1850.

Inda masu saye ke faɗawa rami shi ne zaton fuskar gida kaɗai aka kare. Kariyar ta haɗa da ciki: matakala, murhun ɗumama ɗaki, adon silin, ƙyauren ƙofa. Har bargar doki da katangar lambu, muddin suna cikin harabar tun kafin Yulin 1948. Izinin daga ƙaramar hukuma ake nema, ba a biyan kuɗin nema, amsa kan ɗauki kamar mako 8. Wanda ya yi gaban kansa laifi ya aikata, tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Abin da ya fi ciwo, in tsohon mai gida ne ya yi ɓarnar, ana iya tilasta wa sabon ya mayar da komai yadda yake, da kuɗin aljihunsa.

Amma babban makashin waɗannan gidaje siminti ne, kuma nan ne duk wanda ya san ginin ƙasa zai gane zancen tun kafin a gama. Bangonsu cunkus yake, ba rata a tsakiya, an ɗinke bulon da kwaɓin farar ƙasa, wadda ake samu in an gasa dutsenta an jiƙa. Kwaɓin ya fi bulo laushi, yana shan ruwa yana kuma sakinsa idan iska ta buga. Da zarar an cike tsakanin bulo da siminti, ruwa ya rasa mafita sai ta jikin bulon. Hunturu ya zo, ruwan ya daskare ya kumbura, fuskar bulo ta ɓare, simintin na nan tsaye ƙyam kamar haƙori. Daidai da abin da ke faruwa idan aka yi wa bangon tubali filastar siminti a maimakon yaɓen makuba: shekara biyu ko uku yana sheƙi, ruwa na shiga ta tsaga yana cin ƙasar ta baya, ran nan sai filastar ta zubo gaba ɗaya da rabin bango. Tsohon gini irin fadar Argungu ta dā, wadda ta zama gidan tarihi na Kanta, wannan haɗarin ne kullum ke bibiyar irinsa.

Gyaran na da tsari. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, ba da injin yankan tayil ba, don yana cinye bakin bulo. Zurfin ya kai ninki biyu na faɗin ratar da ke tsakanin bulo da bulo. A share ƙura, a yayyafa ruwa, a danna sabon kwaɓi, awo ɗaya na farar ƙasa da kamar uku na yashi mai kaifi. Sai a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu na wasu kwanaki, domin in ya bushe da garaje tsagewa zai yi. Sanyi ya sauko ƙasa da digiri 5, a ajiye aiki sai an fita hunturu.

Tagogin na katako ne, ƙyaure biyu masu zamewa sama da ƙasa, igiya da kura na riƙe da su, da nauyin darma ko ƙarfe ɓoye a cikin firam. Ruɓa daga gindi take farawa, inda ruwa ke kwanciya. Kafinta ya yanke wurin da ya ruɓe ya dasa sabon katako, a bar sauran da tsohon gilashinsa mai ɗan lanƙwasa. Neman a sa tagar roba kuwa, da wuya hukuma ta amince.

Sai magudanar rufi, indararonsu ke nan. Ganyen kaka ya toshe ta, ruwa ya koma cikin bango ya jiƙe kan katakon da ke ɗauke da rufi, naman gwari mai ruɓar da itace ya kama, ƙwaro mai huda katako ya biyo baya, kamar yadda gara ke samun azara idan soro ya fara yoyo. Shi ya sa ake hawa a kwashe ganye aƙalla sau biyu a shekara, a kuma fita ana tsakiyar ruwa a duba ta ina yake ambaliya.