Kafin ka sayi katin girafik, kawo kwamfutar in buɗe ta

Shagona yana nan wajen Wunti a cikin garin Bauchi, gyaran kwamfuta da haɗa ta nake yi, kuma yanzu kusan kullum sai an zo min da maganar katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa. Yaro zai shigo rungume da tsohuwar Dell OptiPlex ko HP 'yar Beljiyam da aka daina aiki da ita a gida, ya ce Oga so nake ta ɗauki gem irin su PES da GTA V, wane kati zan sa mata? Ni kuma ba na cewa komai sai na kwance murfin na leƙa cikinta.

Haka maigidana ya koya min, Allah Ya saka masa da alheri. Wata da watanni ina gabansa aikina kenan busa ƙura da canza man da ake shafa wa furosesa, in na tambaye shi yaushe zan fara haɗa kaya sai ya ce fara karanta min abin da aka rubuta a jikin fawa, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, tukuna. Yau da wannan karatun nake cin abinci. Yawancin siraran OptiPlex ɗin nan irin 7010 fawarsu wat 240 ce kacal, ba ta da wayar da ake jona wa babban kati, shi kuma ramin da ake soka katin a kan bod ba ya ba da abin da ya wuce wat 75. To ka ga wanda ya je ya ɗauko babban kati irin RX 580 mai shan wat 185 saboda ya ji ana yabonta, ko murfin ma ba zai rufu ba balle a yi maganar wuta.

Ga irin wannan inji GT 1030 nake fara nunawa, wat 30 take sha, ba ta zafi sosai ko a watan Afrilu. Amma iri biyu ce, akwai mai memori GDDR5 akwai mai DDR4, suna ɗaya kwali kusan ɗaya, amma mai DDR4 ɗin ta yi nauyi ƙwarai wajen aiki, ni ba na ajiye ta a shagona ma. In aljihu ya ɗan yi nauyi kuma furosesa Core i5 ce ta ƙarni na 3 ko na 4, sai a nemi GTX 1050 Ti gajeriya mai 4GB, tun 2016 ta fito amma har yanzu tana riƙe ƙananan gem lafiya lau. GT 710 kuwa ta nuna hoto ce kawai, kar wani ya ruɗe ka.

Abin da ke ƙona min rai shi ne jabu. Akwai wani dila da ya taɓa aiko min da kaya daga Legas an rubuta GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro, ina buɗe kwalin na ga shuɗin ramin VGA, na jona sikirin, a baya, gabana ya faɗi, don ta gaskiya ba ta zuwa da shi. Na cire fankar na duba, ashe GTS 450 ce ta 2010 aka sauya mata suna a ciki, Windows za ta nuna maka 4GB amma gem na yin nisa sai ya tsinke. Na mayar masa da kayansa ban sayar wa kowa ba, har yau bai cika min kuɗina ba. Irin waɗannan ne mutum zai gani a intanet ya zo yana ce min ai ga ta can rabin kuɗinka, a rage mana. Ƙanena, wallahi ba abu ɗaya ba ne.

Duk katin da zai fita daga hannuna sai na kwance shi na wanke ƙura, na sa sabon mai, na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a gabanka ka ga sunansa da idonka, sannan mu sa gem ya yi kamar awa ɗaya muna kallon zafinsa. In na ga RAM ɗinka, wato memorin kwamfutar, 4GB ce zan ce ka fara kai ta 8GB ka sa SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri. In za ka zo ka taho da kwamfutar gaba ɗaya, har da wayar sikirin ɗinka, don in san ko sai mun nemo mata abin juya HDMI zuwa VGA.