Sana'ar ƙona tururin tina kafin ya fita bututu

Aikinmu dai a taƙaice ƙona wari ne. Duk masana'antar da ke fesa fenti ko buga leda da tawada ko aiki da gam, akwai tururin da ke tashi daga tina da su tolwin, zailin, asiton, wanda a takarda ake rubutawa VOC, kuma in aka sake shi haka nan sai ya haɗu da hayaƙin injuna a cikin rana ya zama ozon na ƙasa-ƙasa mai cin huhu, wasu ma irin benzin da fomaldihaid an tabbatar suna jawo kansa. Toh mu ɗan ƙaramin kamfani ne, muna haɗa katalis, wato abin da ke sa ƙuna ta faru a ƙaramin zafi ba tare da shi ya ƙare ba, wanda iskar za ta ratsa ta ƙone ta koma ruwa da kabon dayoksaid, mu kafa shi, mu riƙa leƙawa.

Ana iya ƙonawa da wuta zalla, amma sai ka kai zafin iskar digiri Salsiyas 760 ko sama da 800, gas ɗin da za ka sha kuwa ba a magana. Da katalis na oksaid, wato ƙarfe da ya haɗu da oksijin, digiri 300 zuwa 450 ya wadatar a yawancin ayyuka. A wannan tazarar muke cin abinci.

Haɗin kansa ba wani sirri ba ne. Bulo ne na kodiyarait, wani irin tangaran, mai ramuka kamar saƙar zuma, sai mu shafe cikin ramukan da alumina, ita kuwa giram ɗaya tak faɗin fuskarta ya kan haura murabba'in mita 150 saboda ƙananan kafofin da ke jikinta. Amfanin goyon kenan, wato aluminar da ke ɗauke da oksaid ɗin, don in ka zuba manganis oksaid shi kaɗai dunƙulewa zai yi, na ciki bai ga iska ba balle ya yi aiki. Sai a jiƙa bulon da ruwan naitiret na manganis da siriyum, wani lokaci da jan ƙarfe ko kobal, a hure rarar da iskar kwamfaresa, a busar a wajen digiri 110, a gasa a 450 zuwa 500. Wajen gashin nan wani hayaƙi ja-ja yake fita mai guba, ba na yarda yaro ya tsaya kusa in fanka ba ta ja. Bulon ya shiga fari ya fito baƙi-baƙi, ni kuma sai na ɗaga kowanne na kalli fitila ta cikinsa, ramin da ya toshe nan take za ka gan shi.

Yadda yake aiki, oksaid ɗin oksijin na jikinsa yake ba tururin ya ƙone, sannan ya cike gurbin daga iskar da ke wucewa, bayanin da masanan kimiyya Mars da van Krevelen suka yi tun 1954. Siriyum shi ne ma'ajin, ya karɓa ya bayar. Abin ma ba sabo ba ne, haɗin manganis da jan ƙarfe tun ƙarshen yaƙin duniya na farko aka yi shi a Amurka don takunkumin kare sojoji daga kabon monoksaid.

Kwastoma kan tambaya me ya sa ba filatinam ba. Gaskiya filatinam ya fi saurin kamawa a ƙaramin zafi, ba na musu, amma in iskarka ba tsaftatacciya ba ce gara ka yi asarar mai araha.

Nan ne fa ainihin aikin, tambaya. Kafin in ba da farashi sai na ga takardar kowane fenti da tina da man da ake shafawa a wajen, saboda abin da ke cikin iskar shi zai faɗa maka shekara nawa katalis zai yi. Farar wuta tana mai da manganis salfet ya mutu. Fosfora da dalma suna like fuska. Ƙura tana toshe rami, ita da sauƙi, filta ce maganinta. Amma silikon shi ne mugun, yana ƙonewa ya koma silika ya lulluɓe komai, kuma ba ya wankuwa. Akwai wata masana'anta da suka canja man cire kaya daga mazubin da ake ƙera su zuwa mai silikon ba su faɗa wa kowa ba, muka buɗe muka tarar bakin bulon ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka, manaja yana ta faɗa wai kayanmu jabu ne. Shi a ganinsa ai mai mai ne.

Ba sai na buɗe ba ma nake ganewa. Akwai ma'aunin zafi a mashiga da mafita, in katalis na ci dole mafita ta fi zafi don ƙuna ke faruwa a ciki, to in ka ga tazarar tana raguwa alhali aiki bai ragu ba, ya fara mutuwa, su kuma ma'aikata sai su yi ta ƙara wutar bona mai ɗuma iskar don su rufe matsalar. In tazarar ta yi yawa shi ma matsala ne, tururi ya yi kauri, zafi zai sa ƙwayoyin oksaid su narke su haɗe, shi ya sa ake riƙe shi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari na inda zai iya kamawa da wuta, ba don katalis kaɗai ba har don ran mutane.

Masu kulorin kuwa, irin tinar wanke maiƙon ƙarfe, sau da yawa ba na karɓa. Wannan sai banadiyam a kan taitaniya ko kuromiyam, kuma abin da zai fito asid ne da sai an kafa masa na'urar wanke iska a baya, in zafi bai daidaita ba har dayoksin yana iya fita, wanda ya fi abin da ka zo ƙonawa muni. Mai ƙaramin wuri da ba zai iya wannan ba nakan ce masa ya canja tina kawai, ko ya nemi masu kama tururi da gawayi.