Kwale-kwalen da muka ba da a ƙera mana a Yauri

Duk wanda zai ba da aikin ƙaramin jirgin ruwa, na kamun kifi ko na farauta, shawarata ya fara da maganar katako kafin maganar kuɗi, don a nan ne ake cutuwa kuma a nan ne ake tsira. Ni da kawuna muka haɗa kuɗi muka ba wani dattijo a Yelwan Yauri aikin, irin wanda mutum biyu za su shiga da komar kamun kifi da ɗan kayansu, ba injin ba komai, sai filafili da gora.

Tambayar farko da ya yi mana ita ce ina za a riƙa shiga da shi, cikin tafki ko fadama? Kawu ya ce duka biyun. Sai ya girgiza kai ya ce toh Alhaji sai dai a raba tsakani, don jirgin tafki yana son baki mai tsayi saboda igiyar ruwa in iska ta taso, shi kuma na fadama yana son gindi shimfiɗaɗɗe mara nauyi yadda zai ratsa ciyawa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Gaskiya a nan na san mun zo wurin mai sana'a.

Da can itace guda ake samu a fafe cikinsa da gizago. Jirgin nan na Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a inda yake jihar Yobe yanzu, haka aka yi shi, tsawonsa ya haura mita 8 kuma masana sun ce ya kai wajen shekara 8,000, da itacen dangin maɗaci. Yau ina za ka samu maɗacin da zai ba ka jirgi shi kaɗai? An sare an ƙone gawayi. Shi ya sa kusan kowa ya koma jirgin falanki, a sayo katako a jera a buga ƙusa.

Toh katakon nan shi ne rigimar. Maɗaci da kawo suna jure ruwa amma kuɗinsu ba na wasa ba ne, sai wasu su lallaɓa su sa farin katako mai taushi ko ɗanye wanda bai bushe ba, ranar da aka gama kyau kamar me, fenti ya sha, amma yana shan rana ya sha ruwa sai falankin ya fara murɗewa haɗin ya buɗe, shikenan ka koma mai kwasar ruwa da yankakkiyar jarka maimakon masunci. Mu dai mun dage gindin ya zama mai ƙwari ko da gefe za a sassauta, saboda tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuka da garuruwa har da tsohuwar Bussa, kututturan suna nan a ƙasa, ba ka ganinsu sai ka hau kai.

Wurin toshe haɗi ne na fi tsayawa ina kallo. Ya murza auduga kamar lagwani, ya riƙa cusa ta tsakanin falanki da falanki da wani ɗan ƙarfe yana bi da guduma a hankali, sannan yaronsa ya narka kwalta a gwangwani aka bi layin da ita tana hayaƙi, aka kawo kwanon rufi da aka yanka siriri aka ɗora aka jera ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Na ce Baba ƙusar nan ba ta yi yawa ba? Ya ce ɗana ruwa ba ya buƙatar ƙofa babba.

Da aka gama bai bari mun tafi da shi ba, sai da ya kwana cikin ruwa katakon ya kumbura ya matse kansa. Fenti ma mun sa mai duhu, don tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya idonsu kaifi ne da shi, in ka taho da jirgi shuɗi fayau tun daga nesa sun tashi. Kuma nan ne filafili ya fi inji, kana zaune a baya kana tura ruwa a hankali ba ƙara. Dorina kam ba ma kusantar inda take, ƙaramin jirgi ba komai ba ne a wurinta, zamanin da Sarkawa ke binta da zago ya wuce.

Rigar kariya biyu muka saya muka ajiye ƙarƙashin wurin zama, kawu yana ta cewa shi da ya tashi a bakin kogin Kwara me zai yi da ita, amma tun bayan hatsarin jirgin ruwan da aka yi a garin Warrah a 2021 na daina sauraron wannan maganar daga bakin kowa. Yanzu saura mu samu kuɗin sabon taru kafin ruwa ya fara janyewa.