Watannin Tanja: Abin da Na Koya Bayan Na Bi Sawun Makiyayin Andalus

Littafin The Alchemist na marubucin ƙasar Brazil, Paulo Coelho, ya fara fitowa da harshen Fotugal a 1988, aka fassara shi zuwa Turanci a 1993, daga nan kuma ya bazu cikin harsuna fiye da 70. Mutane da yawa sun karanta shi, sun ji daɗinsa, sun mayar da shi kan kanta. Ni ina cikin waɗanda suka karanta shi suka ajiye aikin albashi, saboda haka ina ganin ina da hurumin faɗin wane ɓangare na labarin ne yake riƙe mutum idan ya fita neman burinsa, da wanda yake sakinsa tun tafiya ba ta yi nisa ba. Shafukan da aka fi yaɗawa, masu maganar alamu da taimakon da duniya take yi wa mai buri, ba su ne suka fi amfanata ba. Abin da ya riƙe ni shi ne watannin da jarumin ya shafe yana goge kofunan gilashi a shagon wani mutum a birnin Tanja da ke ƙasar Maroko.

Ga wanda bai san labarin ba, jarumin wani saurayi ne mai suna Santiago, makiyayi a yankin Andalus da ke kudancin Sifen. Iyayensa sun so ya zama malamin coci, shi kuwa yawon ganin ƙasa yake so, sai mahaifinsa ya ba shi tsofaffin tsabar zinariya uku ya sayi tumaki. Yana kwance a wani rusasshen coci da bishiyar ɓaure ta tsiro a cikinsa ya maimaita mafarkin cewa akwai dukiya tana jiransa a gindin dalolin Masar. A garin Tarifa wata tsohuwa mai fassara mafarki ta nemi ya yi mata alkawarin kashi ɗaya cikin goma na dukiyar idan ya same ta, wani dattijo kuma da ya ce shi ne sarkin Salem ya nemi kashi ɗaya cikin goma na tumakinsa tun kafin ya kama hanya, wato shida daga cikin sittin. Na daɗe ina tunanin bambancin waɗannan buƙatu biyu. Tsohuwar ta nemi rabo daga abin da bai zo hannu ba, kuma irin wannan alkawari kowa yana iya yinsa ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Dattijon ya nemi abin da ke hannu, kuma daga lokacin da aka miƙa shi ne maganar buri ta tashi daga hira ta zama aiki.

Nawa burin ba dukiya ba ne. Na yi shekaru ina aikin akawu, ina riƙe littattafan shige da ficen kuɗi na wani kamfani, alhali abin da nake so tun ƙuruciya shi ne in zama mai ɗaukar hoto, in zaga in ɗauki tsofaffin gine-ginen da ake rushewa kafin su ɓace, in tara su cikin littafi guda. Tumakin da na bayar su ne albashin ƙarshen wata da kwanciyar hankalin da yake kawowa, da kuma martabar da mai aikin ofis yake da ita a idon dangi. Na sayi kyamara da gilasanta, na ware kuɗin tafiye-tafiye, na fita. Kuɗin sun ƙare da sauri fiye da yadda lissafina ya nuna, duk da cewa lissafi sana'ata ce, domin gini ba ya jiran mai hoto ya shirya, kuma hasken da ake buƙata ba ya zuwa a ranar da aka biya kuɗin masauki. Wani lokaci sai na isa wuri in tarar an riga an sa masa katafila, wani lokaci kuma masu gidan su ƙi yarda baƙo ya shiga da kyamara, kuma suna da gaskiyarsu.

A wannan matsayi ne na sake komawa kan ɓangaren Tanja, na karanta shi da ido daban. Mashigin ruwan da ya raba Sifen da Maroko bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙanƙanta, amma a ranar da Santiago ya tsallake shi wani matashi da ya yi masa magana da harshensu ya karɓi kuɗin tumakinsa gaba ɗaya da sunan zai taimaka masa sayen raƙumi, ya ɓace cikin kasuwa. Yaron da ya fito neman dukiya a Masar ya wayi gari ba shi da kuɗin komawa gida. Sai ya roƙi mai shagon gilashi ya bar shi ya goge kayan da ƙura ta rufe a bakin abinci, daga nan ya zama yaron shago har tsawon wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki. A tsawon wannan lokaci babu sahara, babu daloli, babu wani abin al'ajabi. Ya koyi Larabci, ya koyi ciniki, ya ba da shawarar a kafa kanta a waje don masu wucewa su ga kaya, sannan ya kawo dabarar sayar da shayi a kofunan gilashi ga waɗanda suka gaji da hawan tudun da shagon yake.

Tanjata ita ce wani situdiyo da na shiga aiki a ƙarƙashin wani dattijo da ya girme ni a sana'ar nesa ba kusa ba. Aikina shi ne hoton fasfo da hoton katin shaida, da gyaran tsofaffin hotunan da suka koɗe, da zuwa wurin taro idan an yi hayar mu. A farko na ɗauki wannan a matsayin jinkiri da ya shiga tsakanina da burina. Daga baya na lura cewa duk abin da ya sa hotunana na gine-gine suka fito babu rai a cikinsu, a nan ake gyara shi. Wanda ya ɗauki fuskoki masu yawa a ɗaki ɗaya da fitila biyu dole ya san yadda inuwa take sauka a ƙarƙashin ido, da yadda matsar da fitila taki guda yake canza kamannin mutum. Na koyi yadda ake yi wa baƙo magana har ya saki jiki a gaban kyamara cikin minti ɗaya, kuma wannan ne ya buɗe mini ƙofofin gidajen da aka hana ni shiga a baya. Ilimin akawun da na zaci na bar shi a baya ma ya sami wurinsa, domin na tsara wa maigidan littafin kuɗinsa, ya gane wane aiki ne yake kawo riba da wanda yake cin lokaci kawai. Darasin da na fi tabbata da shi ke nan: mafi yawan kwanakin mai bin buri a shagon wani suke ƙarewa, kuma abin da zai raba shi da wanda ya maƙale shi ne ko yana ɗaukar abin da zai yi amfani da shi a gaba.

Haɗarin shagon yana zuwa ne a lokacin da abubuwa suka daidaita. Bayan watannin nan Santiago ya tara abin da zai saya masa tumaki 120, ninki biyu na waɗanda ya rasa, da kuɗin jirgin komawa. Babu wanda zai zarge shi da ya koma Andalus a matsayin wanda ya ci riba. Ni ma na kai wannan gaɓa ranar da maigidan ya kira ni ya ce, “Ɗana, ƙarfina ya fara raguwa, ka zauna mu raba ribar wurin nan, wata rana naka ne.” Na ce masa, “Baba, ka ba ni lokaci in yi shawara.” Talauci bai taɓa sa ni tunanin barin littafin hotunan ba kamar yadda wannan tayi na alheri ya sa ni.

A nan ne mai shagon gilashin ya zama mutumin da ya fi kowa tsaya mini a rai cikin littafin. Musulmi ne, kuma burinsa tun yana saurayi shi ne ya sauke farali a Makka. Ya buɗe shagon ne don ya tara kuɗin tafiya, kuɗin suka samu, amma ya kasa barin kayansa a hannun wani, yana kallon waɗanda suka fi shi talauci suna wucewa ta ƙofarsa suna tafiya suna dawowa. Ya shaida wa yaron cewa tunanin Makka ne yake sa shi jure kwanakinsa, kuma yana tsoron idan ya je ya dawo ba zai sami abin da zai rayu dominsa ba. Masu karatu da yawa suna ɗaukarsa misalin matsoraci. Ni ban iya raina shi ba, domin ya faɗi gaskiyar da yawancinmu muke ɓoyewa, cewa akwai burin da muke so mu riƙa ambata fiye da yadda muke so mu cika shi. Bayan haka, shi ne ya ciyar da yaron ya kuma biya shi ladan da ya kai shi sahara. Duk mai tafiya yana bin bayan wani ne da ya zauna. Na amsa wa maigidana da cewa zan riƙa yi masa aiki wani ɓangare na shekara, sauran lokacin kuma in fita, ya amince ba don ya so ba.

Inda na rabu da littafin shi ne da'awarsa mafi shahara, wadda take cewa idan mutum ya so abu da gaske duk duniya za ta haɗu ta taimake shi. Magana ce mai daɗin ji, amma tana da illa ga wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai kai ba, domin tana nuna masa cewa son nasa ne bai cika ba. Labarin kansa bai goyi bayanta sosai ba, tunda sau uku yaron yana rasa duk abin da ya mallaka, na ƙarshen ma har da dukan kawo wuƙa a gindin dalolin. Tarihin marubucin ma haka yake. An haife shi a Rio de Janeiro a 1947, iyayensa sun kai shi asibitin masu taɓin hankali yana matashi, ya yi shekaru yana rubuta wa mawaƙa baitoci, sai bayan tattakin da ya yi zuwa birnin Santiago de Compostela, wurin ziyarar Kiristoci a Sifen, a 1986 ya mayar da hankali ga rubutun littattafai. Kamfanin da ya fara buga wannan littafi ya sake shi saboda bai yi kasuwa ba, sai da ya nemi wani. Abin da nake gani a nan naci ne da kuma rabo, kuma muna jin labarin ne saboda ya yi nasara, waɗanda suka nace ba su kai ba kuwa babu mai fassara littafinsu.

Akwai kuma abin da labarin ya sauƙaƙa wa kansa. Santiago ba shi da mata ko 'ya'ya, ba shi da iyayen da suke jiran abin da zai kawo, kuma Fatima, budurwar da ya haɗu da ita a dausayin Fayyum, ta ce ya tafi za ta jira. Wanda yake da nauyin wasu a kansa ba tumakinsa kaɗai yake sayarwa ba. Kafin in bar ofis sai da na zauna da waɗanda abin zai shafa, muka yanke iyakar da idan kuɗi suka sauka ƙasa da ita zan nemi aiki ko wane iri ne, kuma wannan yarjejeniya ce ta kai ni situdiyon. Game da alamu kuwa, na lura cewa mai son tafiya yana ganin alamar tafiya a komai. Na fi amfana da bambancin da ke tsakanin yaron da Baturen Ingilan da suka shiga ayari tare, wanda ya cika jakunkunansa da littattafai yana neman sirrin mayar da darma zinariya, amma bai taɓa hura wuta ya gwada ba sai da aka ce masa ya je ya gwada.

Ƙarshen labarin tsohon zance ne da yake cikin Dare Dubu da Ɗaya, Jalaluddin Rumi ma ya kawo shi a littafin waƙensa Masnawi: mutumin Bagadaza ya yi mafarkin arzikinsa yana Alƙahira, ya je aka kama shi da zargin sata aka yi masa duka, sai shugaban 'yan doka ya yi masa dariya ya ce shi ma ya sha mafarkin dukiya a wani gida a Bagadaza amma bai yi wautar zuwa ba, ya kuma siffanta gidan mutumin. Haka shugaban waɗanda suka doki Santiago ya siffanta masa rusasshen cocin da ya baro. Wasu suna fahimtar wannan da cewa tafiyar ba ta da amfani, alhali ba don ita ba da babu wanda zai gaya masa inda zai haƙa. Ni abin da tafiyar ta canza mini shi ne littafin kansa. Na fita don bango da ƙofofi, amma da na baje hotunan da na tara sai na ga waɗanda suka fi ƙarfi su ne masu ɗauke da mutanen da suke zaune a gidajen, wato ainihin aikin da hoton fasfo ya koya mini. Na sake tsara littafin a kan haka. Kamfanonin ɗab'in da na tuntuɓa zuwa yanzu sun ce buga littafin hotuna yana da tsada kuma masu sayensa kaɗan ne, don haka ina shirin nuna wani ɓangare na aikin a baje koli tukuna, kuma ranakun da ba na kan hanya ina situdiyo ina ɗaukar hoton fasfo.